Garwashi Daga Murhun Sarki Kadifor

An ce a can ƙasar Wales, tun zamanin da kowane kwari ke da sarkinsa, kowane sarki kuma ke ganin sauran sarakuna ci-rani suka zo yi duniya, akwai wani tafki da hayaƙi ke fitowa daga tsakiyarsa. Hayaƙin itace ne sosai, mai ƙaurin da ke kama riga. Kowace safiya sai ya miƙe daga cikin ruwa ya yi sama, makiyaya su gani su kau da kai. Sun san abin da ke ƙasa. Gidan Sarki Kadifor ne, wanda ya nutse da murhunsa a kunne ranar da sarkin ya rasu, ƙanensa ya ƙwace mulki ya kora iyalinsa kan tsauni.

Zuriyar waɗanda aka kora suna nan kan tsaunin har lokacin labarin nan, gida talatin da 'yan kai, suna kiwon tumakin da rabinsu ba nasu ba ne. Ƙasa ce da ko sha'ir ba ta karɓa sai da lallashi. In sanyi ya sauko da ƙanƙara, yaran da ake binnewa sun fi tsofaffi yawa. Daga bakin bukkokinsu suna hango kwarin Gwenlas a shimfiɗe, kore shar, ga alkama ga shanu, su ce wa juna ai namu ne. Ba su da takalmin kirki, amma in ɗayansu ya tashi gaya maka sunansa gara ka nemi wurin zama, don sai ya kai ka har Sarki Kadifor kafin ya ja numfashi.

Babbansu shi ne Mailir ɗan Itel, mutum mai ƙarancin magana, ɗan shekara arba'in da bakwai. Shi da matarsa Gwarful sun binne 'ya'ya biyu a sanyin shekara guda, saura musu uku. Dokar ƙasar kuwa ta ce haƙƙin mutum a kan ƙasar kakansa yana raye har mutum na tara. Wanda ya mallaki ƙasar shi ne na ɗaya, sai a bi ɗa bayan uba. Magaji zai tsaya gaban alƙali ya nuna wuta daga murhun kakan, ya jera sunaye har ya kai gare shi. In na tara ya mutu bai yi ba, na goma baƙo ne kamar kowa. Mailir shi ne na tara, kuma a shekarar nan aka yi sabon babban sarki wanda ya aiko cewa alƙalinsa zai saurari ƙararsu a kan kwarin a ƙarshen kaka.

Sunaye ba su da wuya. Goggonsa Tangwis, yayar mahaifinsa, ta koya masa su a kan yatsu tun bai iya ɗaura wando ba. Wutar ce ke ƙarƙashin ruwa, kuma maza huɗu daga gidan sun taɓa shiga nemanta, ba wanda ya dawo.

Ranar da zai tafi, Gwarful ta shafe cikin wani ƙahon bijimi da yumɓu ta rataya masa a wuya don ɗauko garwashi. Ba ta yi kuka ba, ta gama kukanta tun waccan shekarar. Goggo Tangwis ce ta riƙe masa hannu ta ƙi saki.

"Ka shiga da rana tsaka, da ƙafa, kada ka yi iyo," ta ce. "Kuma Mailir, duk abin da ka gani a can, ka tuna da yaran nan."

"Me zan gani, Goggo?"

"Ina na sani? Na taɓa zuwa ne?"

Da rana ta raba, ya taka cikin tafkin. Ruwa ya kai gwiwa, ya kai ƙirji, ya rufe kansa, shi kuwa yana ta tafiya yana numfashi kamar a tudu. Can sai ya ji matakala ta dutse a ƙarƙashin ƙafarsa. Ya sauka ya sauka har ya fito wata ƙasa busasshiya wadda ruwan tafkin ne samanta, kifaye na wucewa inda tsuntsaye ya kamata su wuce. Hasken wurin na hantsi ne, kuma bai sauya ba har ya bar ƙasar.

A gindin matakalar wani zalɓe ke tsaye, tsawonsa ya yi na mutum biyu, idanunsa jawur.

"Wane ne ke taka ƙasar da ba a kira shi ba?" in ji zalɓen.

Mailir ya durƙusa. "Ranka ya daɗe, mai tsaron ƙofa. Ni ne Mailir ɗan Itel, ɗan Gurgan, ɗan Sisil, ɗan Idnat, ɗan Maredud, ɗan Bledri, ɗan Inir, ɗan Sarki Kadifor. Wuta na zo ɗiba a gidan ubana."

Kowane suna ya faɗa, zalɓen ya ƙwanƙwasa dutse da baki sau ɗaya. Da ya yi tara sai ya ɗaga bakin ya riƙe shi a sama, ya daɗe a haka.

"Iyakar abin da ka zo da shi ke nan?"

"Iyakar abin da aka ba ni ke nan."

"To, shiga da abin da aka ba ka. Amma ajiye takobinka. Ba a zuwa gaban iyaye da ƙarfe."

Ya ajiye takobin kusa da waɗansu huɗu da tsatsa ta cinye, ya wuce. Ya ratsa wani fili inda tumakin dutse ke kiwo, suna tauna ciyawa da ƙarar niƙa. Ya bi ta wani kwazazzabo inda iska ke kiran mutum da muryar wanda ya rasa. Ya ji muryoyin yaransa biyu suna cewa Baba ga mu nan, ya toshe kunnuwa ya yi ta gudu yana hawaye har ƙirjinsa ya yi zafi. Ƙarshen kwazazzabon ya kai shi bakin wani baƙin kogi mai gudu ba ƙara.

Gadar da ke kan kogin da gashi aka saƙa ta, baƙi da ja da furfura. Wata aljana tsohuwa na zaune a bakinta da mazari tana kaɗi.

"Barka da aiki, Uwata," in ji Mailir. "Ina neman izinin wucewa."

"Ka san abin da za ka taka, ɗan sarakuna? Gashin uwayenku ne. Da su aka ɗinke gidan wannan sarki da na wancan, da su kuke cewa kun haɗa jini da manyan gabas da na yamma. Kowane taku, sunan uwa ɗaya. Fara daga wadda ta haife ka."

Ya hau. Ya ce Didgu, ya yi taku. Ya ce Luki, kakarsa, ya ƙara taku. Ya buɗe baki zai yi na uku, sai ya tarar babu komai a ciki. Mutumin da ke iya jera maza tara ko cikin barci bai san wadda ta haifi kakansa ba. Gadar ta fara lotsawa, ruwan ya taɓa masa idon sawu, sanyinsa ya harbi ƙashi. Sunayen mata suka yi ta zuwa masa a baki, kyawawa, irin na 'ya'yan sarakuna, wanda duk ya ɗauka zai yi kama da gaskiya.

"Uwata, ban sani ba," ya ce. "Ba a koya mini ba, ni ma ban taɓa tambaya ba."

Aljanar ta dakatar da mazarin. "Huɗu daga gidanku sun riga ka zuwa. Kowanne da ya kai nan sai ya ƙago wata gimbiya, kogin kuwa ba ya ɗaukar nauyin gimbiyar da ba a haifa ba. Kai tun da ba ka sani ba, sauka a kan gwiwoyinka ka wuce da rarrafe, fuskarka a kan gashin."

Haka jikan Sarki Kadifor ya haye kogin, yana rarrafe kamar jariri. Gashin na ƙanshin hayaƙi da nono, kuma kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba.

A ƙetare ya shiga wani kurmi inda kowane gidan sarauta na ƙasar ke da bishiyarsa. Rassan sun sarƙe da juna a sama ta dalilin auratayya, har ba ka gane inda wannan gida ya ƙare wancan ya fara. A jikin bishiyoyin akwai mutane maƙale, kowanne ya riƙe wani reshe ya danna shi a jikin kututture da dukan ƙarfinsa, gumi na zuba. Mailir ya tambayi ɗaya ko lafiya.

"Maroƙin fada ne ni a duniya," in ji mutumin yana nishi. "Wani majemi ya yi arziki ya ba ni alkyabba, ni kuwa na manna shi a jikin sarakunan kudu. Ga reshen nan. In na saki ya faɗi, jikokinsa kuma yanzu hakimai ne. Shekara ɗari biyu ke nan, alkyabbar ma ba ta yi mini damina uku ba."

Mailir ya kusa yin dariya, amma sai ya hango tasu bishiyar. Ya gane ta kamar yadda mutum ke gane ƙofar gidansu. Doguwa ce, ba reshen aro ko ɗaya a jikinta. Sai dai can kusa da gindi an sare kututturen gaba ɗaya, an cire guntu, an ɗora na sama a kan na ƙasa. Wani dattijo ya rungume mahaɗar da hannu biyu, nauyin bishiyar duka a kafaɗarsa. Wannan ba maroƙi ba ne, don hancinsa da goshinsa na gidansu ne.

"Baba, wane ne kai?"

Dattijon ya juya fuska. "Sisil ne, kakan ubanka. Wuce, ɗana, kada ka tsaya. Don ku na yi."

Ya yi ta tambaya, dattijon bai ƙara cewa uffan ba, sai ya wuce da zuciya mai nauyi. Bayan kurmin ga gidan Sarki Kadifor a tsaye, katakonsa ko ruɓa bai yi ba.

Zaure ne dogo. A ƙuryarsa sarki na zaune bisa kujera, gemunsa har cinya, gabansa tulin toka wanda hayaƙi ke fita ta samansa. Daga nan murahu suka jeru zuwa ƙofa, kowanne da wuta tana ci bal-bal da mai shi a zaune, ban da na Sisil da ke ci ba kowa. Mailir ya ga mahaifinsa Itel a kusa da ƙofa. Tsohon ya ɗago ya gyaɗa masa kai, ya nuna masa murhun da ke gefensa, sabo, ba a taɓa hura shi ba. Ba sai an gaya masa na wane ne ba.

Wata aljana doguwa mai gashi launin toka ta taso daga tsakanin murahun, tana tafe ba ta taka ƙasa.

"Ni ce Uwar Murhu, mai kula da wutar matattun gidan nan. Faɗi buƙatarka, ɗan Itel."

"Allah ya ƙara miki girma. Garwashi ɗaya nake roƙo daga murhun sarki, in kai gaban alƙali. Mutanena na mutuwa a kan tsauni."

"Ba a hana jini wutarsa. Sai dai ka san al'adarku. Uba ke rufe wuta da toka, ɗan cikinsa ke tone ta. Kira ɗan sarki ya tone maka."

Mailir ya je gaban wanda ke zaune dab da sarki, wani ƙaƙƙarfan mutum mai tabon yaƙi a fuska. Ya gaishe shi ya ce, "Kaka Inir, ka taimaki jikanka." Inir ya tashi da alfahari ya sa hannu a tokar. Ko ƙwaya ba ta motsa ba. Ya sa hannu biyu, ya sa gwiwa, ya yi ta fama har farcensa ya karye, tokar tana nan kamar dutse.

Sai wata murya ta fito daga bayan ƙyauren zauren, siririya. "A kama hannuna a kai ni."

Mailir ya ja ƙyauren. A lungun da ƙofa ke rufewa wani mutum na tsugune, ya rame har ana ganin bango ta cikin jikinsa. Inda idanu ya kamata su kasance, ramuka ne biyu da suka daɗe da warkewa. Gabansa ɗan murhu ne, garwashi ɗaya tak a ciki, bai fi ƙwayar wake ba.

"Wannan Hailin ne," in ji Uwar Murhu, "ɗan fari kuma ɗa tilo na Sarki Kadifor. Ranar da ubansa ya rasu, baffansa ya sa aka ƙwaƙule masa idanu, don a ƙasarku mai naƙasa ba ya sarauta. A kan tsauni ya haifi Inir. Bai yi yaƙi ba, ba a yi masa waƙa ba. Da Sisil ya ƙirga ya ga wa'adin tara na ƙaratowa, ya nemi sunan da in an cire ba wanda zai yi cigiya. Ya cire wannan, don gidanku ya ƙara samun mutum ɗaya."

Mailir bai so ƙirgawa ba, amma yatsunsa suka ƙirga da kansu. Suka cika hannu biyu, ba ko ɗaya da ya rage. Na tara na gaskiya shi ne Itel, wanda ke zaune can yana jin ɗumi. Haƙƙinsu a kan kwarin Gwenlas an binne shi tare da mahaifinsa shekara goma sha ɗaya da suka wuce.

Ya kama hannun makahon ya ja shi zuwa ƙurya. Da suka zo wucewa ta gaban Inir, Hailin ya tsaya ya juya fuska wajen numfashinsa. Inir ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Wannan bawan Allah kuma daga ina?"

"A nan matacce abin da masu rai suka ce ne," in ji Uwar Murhu a hankali. "Kun ce Inir ɗan sarki ne, ya zama. Bai san ya taɓa yin wani uba ba. Duk lokacin da aka ambaci suna a sama, itace ɗaya ke faɗowa a murhun mai shi, ka kuwa ga abin da ya rage wa wannan. Ranar da alƙali ya yanke hukunci a kan sunaye tara, magana ta zauna. Garwashin Hailin zai mutu, shi kuma zai zama wanda ba a taɓa haifa ba."

Hailin ya durƙusa gaban murhun ubansa ya lallaba, tokar ta buɗe masa kamar gari. Ya sa yatsu tsirara ya ɗauko garwashi ja, naman yatsun na ƙauri, ya laluba ƙahon da ke wuyan Mailir ya saka shi ciki. Sa'an nan ya ce, "Tsaya in gan ka." Ya bi fuskar Mailir da ƙonannun yatsun, goshi, kunci, hanci.

"Hancin Inir ne. Haka na san shi yana jariri. Ban taɓa ganinsa ba, ka sani, bayan an cire mini idanun aka haife shi. 'Ya'ya nawa gare ka, jikana?"

"Uku, Kaka. Biyu sanyi ya ɗauke."

"Ni ma ya ɗauke mini mace ɗaya. Na san tsaunin nan, na san shi da tafin ƙafa. Ka saurare ni. Ka je ka faɗi tara, ka saukar da yaran nan kwari. Sisil bai yi wauta ba. An riga an cire mini ido don kada in tare wa wani hanya, ba zan tare wa jikokina ba."

"Kaka, za ka shuɗe gaba ɗaya."

"To, sai me? Wanda babu shi ba ya jin sanyi."

Mailir ya juya ga Uwar Murhu. "Ranki ya daɗe, in na faɗi tara, wa zai tona?"

"Babu. Mu ba ma hawa sama ba da shaida. Garwashin na gaskiya ne, zai ci a gaban alƙali ko me ka faɗa. Bakinka naka ne, ɗan Itel."

Ya mai da makahon lungunsa, ya tuɓe mayafinsa ya lulluɓa masa, mayafin ya ratsa jikin ya faɗi ƙasa. Ya fita bai iya kallon mahaifinsa ba. Hanyar dawowa ba ta tare shi da komai ba. Zalɓen ma ya dai bi shi da jan ido har ya hau matakala. Da ya fito daga ruwa ya tarar wata biyu sun wuce, ganye ya zube, washegari ne ranar shari'a.

Ba a taɓa murna a kan tsaunin nan kamar ta ranar ba. Mata suka fara ɗaure kaya. Gwarful ta leƙa cikin ƙahon, hasken ya bugi fuskarta, ta yi murmushin da ya shekara huɗu bai gani ba. Ta ce a kwari za ta shuka wake a bayan ɗaki, autarsu kuma za ta daina tarin nan. Mailir ya buɗe baki zai gaya mata, ya ga murmushin, ya rufe.

A kan ƙasar da ake jayayya ake zaman shari'a, don haka da hantsi aka taru a wani fili a tsakiyar kwarin. Alƙalin babban sarki ya zauna da sandarsa. A damansa Hakimi Kinrig ne mai riƙe da kwarin, jikan jikokin baffan nan mai ƙwace, fuska a murtuke. A hagu mutanen tsauni, har da Goggo Tangwis da aka sauko da ita a goye.

"Mai ƙara ya nuna wutarsa," in ji alƙali.

Mailir ya juye garwashin a kan dutse. Kinrig ya ce kowa ma na iya ɗebo wuta a ɗakin matarsa, sai alƙali ya sa aka kwara masa tulun ruwa. Ruwan ya gangare, garwashin ya ƙara ja. Aka ƙara tulu biyu, bai ko yi tsaki ba. Kinrig ya sunkuyar da kai, mutanensa suka fara kallon juna.

"Wuta ta tabbata. Mai ƙara ya jera iyayensa."

Alƙali ya ɗaga hannuwa don naɗe yatsu. Mailir ya fara. "Ni ne Mailir ɗan Itel, ɗan Gurgan, ɗan Sisil, ɗan Idnat, ɗan Maredud, ɗan Bledri, ɗan Inir." Yatsu takwas sun kwanta. Saura kalma uku, waɗanda ya faɗa sau dubu tun yana yaro, harshensa ma ya riga ya lanƙwasa zai faɗe su. Ya ji tarin autarsa a bayansa. Ya dubi baƙar ƙasar da ke ƙarƙashin ƙafarsa, mai taushi, wadda ko sanda ka soka za ta tsiro. Yana son ƙasar nan har cikin ransa, kuma ya san makahon da kansa ya yafe. Amma fuskarsa ba ta daina jin yatsun nan ba, masu zafi, suna neman hancin ɗan da bai ma gane ubansa ba.

"Ɗan Hailin makaho," ya ce, "ɗan Sarki Kadifor."

Alƙali ya dubi hannuwansa biyu a dunƙule, ba yatsa ko ɗaya a tsaye. Tsoho ne da ya ga duniya, kuma ya ga ƙafafun yaran tsauni.

"Mailir ɗan Itel, wannan suna ba wanda ya taɓa jinsa, ko abokin shari'arka bai kawo shi ba. Mai yiwuwa tafiya ta gajiyar da kai harshenka ya zame. Doka ta yarda mutum ya gyara sau ɗaya. Sake daga farko, a hankali."

"Mailir," in ji Gwarful daga baya. Ba ta ɗaga murya ba, iyakar abin da ta ce ke nan.

Ya sake daga farko, a hankali kamar yadda aka ce. Da ya zo wurin bai tsaya ba, ya ɗaga murya yadda na ƙarshen taro zai ji. "Ɗan Inir, ɗan Hailin, wanda baffansa ya cire wa idanu, mu kuma muka cire masa suna, ɗan Sarki Kadifor. Mu goma ne, ranka ya daɗe."

Alƙali ya buga sandar. Ya ce jinin sarauta ya tabbata, wuta ta tabbata, haƙƙi kuwa ya mutu da na tara. Kwarin Gwenlas na Kinrig ne da zuriyarsa har abada.

Mutanen tsauni suka watse ɗaya bayan ɗaya. Wani ɗan baffansa ya tofar da yawu a gabansa. Gwarful ta zo ta tsaya, idanunta a bushe.

"Matacce ka zaɓa," ta ce. "Shi aƙalla ya yi tsufansa. In yarinyar nan ba ta ga bazara ba, kai za ka haƙa, ni ba zan fito ba."

Ta saɓi autar ta kama hanyar tsauni. Bai ga inda ta yi ƙarya ba.

Filin ya rage daga shi sai Goggo Tangwis, wadda masu goyonta suka manta da ita don fushi. Ya durƙusa ta hau bayansa, ba ta fi ɗan rago nauyi ba. Sun yi nisa a hawan kafin ta yi magana, bakinta dab da kunnensa.

"Kakata, matar Sisil, ita ta raɗa mini shi ina 'yar shekara bakwai. Ta ce in riƙe, kada in faɗa. Kullum in ina hura wuta sai in motsa baki da shi, ba sauti. Da nake koya maka a kan yatsu, duk sanda muka zo wurin sai in ji kamar in mutu."

Ya ci gaba da hawa. Can sama yana hango Gwarful, ta yi ƙanƙanta, ba ta waiwaya ba.

"Goggo, daidai na yi?"

Tsohuwar ta ƙara ƙanƙame wuyansa.

"Shekara saba'in ina tambayar kaina abin da zan yi in ni ce a wurinka, ban samu amsa ba," ta ce. "Ɗaga ƙafa, ɗana. Ƙanƙara ta fara sauka, kuma ba mu tara itace ba bana."